Hajiya Gambo Sawaba Da Ƙuri'ar Matan Arewa

Ya ku 'yan makaranta, wanda duk ya taɓa bin uwarsa ko yayarsa zuwa rumfar zaɓe a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ya ga yadda a kan yi layi biyu, na maza daban, na mata daban, wani sa'i ma na matan ya ɗara na mazan tsawo. Da ya ke haka kuka buɗe ido kuka tarar, sai ku zaci abin daɗaɗɗe ne, kamar cin kasuwar Sheme ko kai auduga Funtuwa. To, ba haka ba ne. A babban zaɓen da aka yi cikin watan Disamba na 1959, wanda ya fid da mutanen da suka karɓi mulkin Nijeriya daga hannun Turawa, babu mace ko ɗaya a Jihar Arewa da aka yardar wa ta jefa ƙuri'a, kome iliminta, kome dukiyarta, alhali kuwa matan Ikko da na Badun da na Inugu sun jefa tasu. Sai a 1976 aka ba matan Arewa wannan izini. Cikin waɗanda suka yi ta nemansa tun ana yi musu dariya, babu wadda ta kai Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya shan wuya, labarinta kuwa shi muka kawo muku yau.

Kada wani ya ce, ina ruwan Bakatsine da labarin mutuniyar Zariya? Ku dubi taswira. Sabuwa ba ta da nisa da iyakar ƙasar Zazzau, hanyar jirgin ƙasa kuwa da ta tashi daga Zariya ta Funtuwa ta ratsa kafin ta wuce Gusau da Ƙaurar Namoda. Kafin a yanke Jihar Katsina a 1987, mu da mutanen Zariya gwamna ɗaya ke mulkinmu daga Kaduna. Dokar da ta hana matan Zariya zaɓe ita ta hana kakanninku, ran da aka soke ta kuwa tare aka soke musu.

An haife ta ran 15 ga watan Fabrairu, 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da ya ke tagwaye ta bi, sai aka riƙa kiranta Gambo, bisa ga al'ada. Ubanta, Isa Amarteifio, mutumin Gwalkwas ne, watau ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Aikin reluwe ya kawo shi Zariya, ya musulunta, ya auri Fatima, Banufiya daga wajen Bida. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Zariya ta lokacin. Tun da jirgi ya ratso ƙasar a wajen 1911, baƙi suka yi ta kwararowa, mutanen Kudu da na gaɓar teku suka zauna Sabon Gari, baƙin Arewa suka zauna Tudun Wada, birni kuwa yana can cikin ganuwarsa da sarakunansa. Yarinyar da ta tashi a irin wannan wuri kunnenta ya saba da harsuna iri iri, idonta kuma ya ga yadda mutane ke zama dabam dabam. Muna tsammani wannan na cikin abin da ya sa daga baya ba ta taɓa jin tsoron baƙon gari ko baƙuwar fuska ba.

Masu ba da tarihinta sun ce tun tana ƙarama ba ta iya ganin babba na cin zalin ƙarami ta wuce. Sai ta shiga faɗan ta mai da shi nata, ta komo gida da yagaggiyar riga. Mu malaman makaranta mun san irin yaran nan, kowane aji da nasa, sau da yawa kuma mu kan yi kuskure mu ɗauke su marasa jin magana.

An sa ta makarantar En'e ta Tudun Wada, amma karatun bai yi nisa ba. Ubanta ya rasu a 1943, tana da shekara 10, bayan kamar shekara 3 uwar ta bi shi. Tana da shekara 13 aka yi mata aure da wani tsohon soja wanda ya komo daga yaƙin duniya na biyu, ta haifi 'yarta a 1949, tana da shekara 16, mijin kuwa ya riga ya tafi, bai sake waiwayarta ba. Ku 'yan mata da ke karanta wannan shafi, ku lissafa shekarunku, ku gwada da nata. A shekarun da ku ke fama da lissafi da labarin ƙasa, ita ta riga ta zama marainiya, ta yi aure, ta rabu da miji, tana goye da jaririya. A zamanin nan ilimin boko na mata a Arewa bai daɗe da somawa ba. Makarantar 'yan mata da aka buɗe a Katsina a wajen 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, tana cikin na farko, 'ya'yan fada da na manya kuwa su suka fi yawa a ciki. Saboda haka lokacin da Gambo ta tashi tana maganar auren wuri da cire yarinya daga makaranta, ba a littafi ta karanta ba.

Kafin mu shiga labarin siyasarta, ya kamata ku san yadda talaka ke zaune a lokacin, don in ba ku san ciwon ba, ba za ku gane abin da ya sa aka nemi magani ba. Turawa ba su mulki ƙasar nan da hannunsu kai tsaye ba. Sun bar sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa, suka tattara su cikin abin da a ke kira En'e, Razdan da Di'o suna bisa suna duba su. A hannun En'e haraji ya ke, da jangalin shanu, da kotun alkali, da 'yan doka, da gidan yari. Ba mu ce duk masu sarauta azzalumai ba ne, a'a, an yi adalai a cikinsu waɗanda har yau a ke yi musu addu'a. Illar tsarin ita ce, in mai iko ya zalunce ka, wurin mutanensa za ka kai ƙara, 'yan dokarsa za su kama ka, a gidan yarinsa kuma za ka kwana. Lauya ba ya shiga kotun alkali. Ga aikin tilas na gyaran hanya da ɗaukar kaya, ga gaisuwar da a kan kai don a sami sauƙi. Manomin da ya kai audugarsa Funtuwa, kafin kuɗin su shiga aljihunsa sosai, mai karɓar haraji ya riga ya iso ƙofar gida. In kuɗin suka kasa, akuyar matar gida ce ko kuɗin zarenta da na ƙuli-ƙulinta ke cike giɓin. Ashe mace tana biyan haraji ko da ba a rubuta sunanta a takarda ba.

Ran 8 ga watan Agusta, 1950, waɗansu samari suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, domin neman 'yancin talakawa. Kafin shekarar ta ƙare Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a makarantar horad da malamai ta Maru, can kusa da Gusau, ya rungumi jam'iyyar, a 1953 ya zama shugabanta. Alamarsu tauraro, kalmarsu kuwa Sawaba, watau sauƙi da kuɓuta daga ƙunci. Abokiyar hamayyarsu ita ce NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, mai alamar fartanya, wadda sarakuna da ma'aikatan En'e suka mara wa baya, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello kuwa ya zama jagoranta. A ƙasar da hakimi ke goyon jam'iyya ɗaya, shiga ɗayar ba wasa ba ce. Mutum ya kan rasa gonarsa, ko rumfarsa ta kasuwa, ko a ɗaure shi bisa laifin zagin sarki.

Cikin wannan hali Gambo ta yanki katin NEPU a Zariya, tana da shekara 17. Abin da ya fara fid da sunanta shi ne, a wani taron lacca inda maza suka cika wuri, ta hau bisa dandamali ta yi magana da bakinta, abin da ba a saba gani ba ga mace, balle yarinya. Kalmar jam'iyyar ta manne wa sunanta, aka daina cewa Hajaratu, sai Gambo Sawaba. Ba da jimawa ba aka ba ta shugabancin matan NEPU.

Ta kuma yi tafiya har Abekuta don ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti. Wannan malama ce Bayarabiya wadda ta tattara matan kasuwar garinsu suka ƙi harajin da aka aza wa mata, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada, har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949, ko da ya ke ya komo daga baya. A wurinta Gambo ta ga da idonta cewa mata marasa makami, in sun haɗa kai, su kan iya tanƙwara mai sanda. Amma Abekuta daban, Zariya daban. Matan Yarbawa suna kasuwa, da ƙungiyoyinsu da shugabanninsu, kira ɗaya ya isa su taru. A biranen Hausa kuwa matan aure suna kulle, sana'arsu a cikin gida su ke yi, yara ke kai musu talla. Ta yaya za a tara mutanen da ba su fita?

A nan ne amfanin Gambo ya bayyana ga jam'iyyarta. Namiji, ko da Malam Aminu ne, iyakarsa zaure. Mace kuwa sallama kawai za ta yi ta shige har tsakar gida. Ta kan shiga ta zauna a kan tabarma, ana daka ana tankaɗe, ana kaɗi da mazari, ta yi musu magana da harshen da su ke ji: yarinyar da aka aurar kafin ƙashinta ya yi ƙwari ta sha wuyar haihuwa, matar da aka yi wa auren dole, ɗiyar da aka hana karatu, mijin da aka tafi da shi aikin tilas ana tsakiyar damina. Daga nan ta kawo maganar ƙuri'a, ta nuna musu cewa wanda ba shi da baki wajen zaɓen mai mulki, ba shi da baki wajen abin da mai mulki zai yi da shi.

Akwai wani abu da ba za mu ɓoye muku ba, don tarihin da aka share wa ƙura ya zama tatsuniya. Da ya ke matan aure ba su fita taro, yawancin matan da suka cika sahun jam'iyyu a fili, na NEPU da na NPC duka, zawarawa ne da mata masu zaman kansu. Sai abokan gaba suka sami sanda, duk macen da ta shiga siyasa suka shafa mata baƙin suna. Ga mutumin ƙasarmu kuwa, ɓata suna ya fi bulala ciwo. Mata da yawa masu hankali da ra'ayi sun ja da baya saboda wannan, ba kuwa za mu zarge su ba. Gambo ta ji duk abin da aka faɗa a kanta, ta ci gaba da abin da ta ke yi.

A 1952 jam'iyya ta aike ta Kano don ta tattara mata. Labari ya kai fada, aka kama ta, aka kai ta gaban alkali bisa zargin tana fitad da matan kulle, aka ɗaure ta. Wannan shi ne farkon shigarta gidan yari, ba ta ko cika shekara 20 ba. An kuma taɓa kama ta tare da mata wajen 200 bisa laifin yin taro ba da izini ba. Daga baya hukumar Kano ta kore ta daga ƙasar ɗungum, aka raka ta aka mai da ta Zariya. A tsawon rayuwarta an ɗaure ta sau 16, ta kwana a gidajen yarin Kano da Zariya da Kaduna da Jos. Ɗauri ma shi ne mai sauƙin. A shekarun nan ne aka yi ƙungiyar 'yan sara da duka a Kano da a ke kira 'Yan Mahaukata, masu far wa 'yan NEPU, irinsu kuma suka bazu a waɗansu garuruwa. An yi wa Gambo dukan kawo wuƙa ba sau ɗaya ba, an yi mata bulala, an taɓa aske mata kai da fasasshiyar kwalba don a wulakanta ta, ta kuma rayu da ciwon dukan nan har tsufanta. Ku tuna, duk wannan a kan mace guda wadda ba ta da bindiga, ba ta da dukiya, ba ta da uba ko miji mai sarauta da zai tsaya mata. Da maganarta ba ta shiga kunnen mutane, da ba a ɓata lokaci a kanta haka ba.

Yanzu bari mu ji ta bakin ɗaya ɓangaren, gama ba daidai ba ne a yanke shari'a da jin mutum ɗaya. Shugabannin NPC sun ce ba ƙin mata su ke yi ba. Hujjarsu ita ce, al'adar ƙasar da zaman kulle ba su yarda mace ta fita ta cuɗanya da maza a wurin zaɓe ba, yawancin mata ba su yi karatun zamani ba, jama'a kuma ba su shirya ba, in aka tilasta abin zai ta da fitina, sai a bari lokaci ya yi. A cikinsu akwai waɗanda suka faɗi haka da zuciya ɗaya, suna tsoron abin da ba su saba da shi ba. Ko Ingila ma, ƙasar masu mulkinmu na lokacin, sai a 1918 ta ba waɗansu mata ƙuri'a, ba ta daidaita su da maza ba sai a 1928.

Amma mu dai hujjar nan ba ta gamsad da mu ba, ga kuwa dalilinmu. Ku ɗaga ido ku dubi Maraɗi, can arewa da birnin Katsina. Mutanenta Katsinawa ne 'yan'uwanmu, zuriyar waɗanda suka bar birni bayan jihadi, harshe ɗaya, addini ɗaya, abinci ɗaya. A 1956 Faransa ta yi doka ta ba dukan baligai na ƙasashen da ta ke mulka a Afirka ƙuri'a, maza da mata. Watau matar Maraɗi ta sami izinin zaɓe shekara 20 kafin matar Ƙanƙara, sama kuwa ba ta faɗo ba. A shekarar nan ta 1956 Masar ma ta ba matanta ƙuri'a, ga ta kuwa ƙasar Azhar. In kuma al'ada a ke ji, ai al'adarmu ba ta rasa mata masu faɗa a ji ba. Daura ta yi sarauniyoyi, Zazzau ta yi Amina wadda har yau a ke danganta ganuwar garuruwa da sunanta, sarautun Magajiya da Iya kuma tsofaffi ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis ta aike su ƙauyuka suna karantad da mata, manyan malamai kuma suna girmama iliminta. Wa zai ce irin wannan mace ba ta isa ta bambance ɗan takara nagari da mugu ba?

Sa'an nan ga wani lissafi da mu ke so ku yi da kanku. A zaɓen 1959 kujerun majalisar wakilai 312 ne, aka ba Arewa 174, domin ta fi yawan jama'a. To, su wa aka ƙirga har jama'ar ta yi yawa? Maza da mata duka. Watau da kawunan mata aka samo kujerun, amma da aka zo zaɓen masu zama a kansu sai aka ce mata su koma ɗaka. Wannan shi ne abin da Gambo da 'yan'uwanta suka ƙi yarda da shi. A 1956 ta ja mata zuwa Kaduna suka kai kukansu ofishin Firimiya, ba a biya musu bukata ba. Da aka yi zaɓen na 1959, NPC ta ci kujeru 134, NEPU ta tashi da 8 kacal, ɗaya daga ciki ta Malam Aminu ce. Gambo ta yi yawon neman ƙuri'a gari gari domin waɗansu, ita kanta ba ta da ikon jefa ko ɗaya. Aka sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960, aka yi bukukuwa. A Kudu aka naɗa Wuraola Esan 'yar majalisar dattawa a shekarar, Margaret Ekpo kuma ta ci zaɓen majalisar Jihar Gabas a 1961. A Arewa kuwa shiru, har soja suka kifad da gwamnati a watan Janairu na 1966, aka rushe jam'iyyu duka.

Abin mamaki, abin da 'yan siyasa suka ce zai ta da fitina, soja ne suka zartad da shi da alƙalami. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi gyaran ƙananan hukumomi, ta kawad da tsarin En'e, ta kuma ba matan Arewa ƙuri'a. Na biyu a gwamnatin nan kuwa Bakatsine ne, Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda mahaifinsa minista ne na NPC a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kun ga yadda zamani ke juyawa a cikin gida ɗaya. Wani zai ce, ashe ba Gambo ta kawo ƙuri'ar ba, soja suka kawo. Gaskiya ne ba ita ta sa hannu a dokar ba. Amma mai shuka daban, mai girbi daban. Shekara 25 ana maganar nan a tsakar gida da dandalin lacca da gaban alkali, har ta daina zama baƙuwa a kunnen mutane, shi ya sa da dokar ta zo ba a ji wata fitina ba.

Babban zaɓen 1979 shi ne na farko da matan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka sa hannu wajen zaɓen shugaban ƙasa da gwamna. A Jihar Kaduna, wadda mu ke cikinta a lokacin, Alhaji Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar Malam Aminu, shi ya ci gwamna, cikin ayyukansa na farko kuwa har da soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana kuka a kansa. Bai daɗe ba, majalisa ta tsige shi a 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Hajiya Gambo kuwa a wannan karo ba ta bi tsohon jagoranta zuwa PRP ba. GNPP ta shiga, jam'iyyar Alhaji Waziri Ibrahim mai kiran siyasa ba da gaba ba, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar na ƙasa. Waɗansu tsofaffin 'yan NEPU ba su ji daɗin haka ba. Mu kuwa ba mu ga abin zargi a ciki ba. Wadda ta ƙi bin umurnin fada tana da shekara 19, ba a sa ran ta zama 'yar amshin Shata tana da 46.

Da ƙarfinta ya ragu ta ja jiki daga siyasa, ta zauna gidanta a Sabon Garin Zariya. Ba ta yi minista ba, ba ta yi gwamna ba, ba ta kuma tara abin duniya ba. Gidan nata ya zama matattarar marayu da gajiyayyu da marasa lafiya, tana ci da su, tana riƙon 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, ba ta tambayar ƙabilar mutum ko addininsa. Ta rasu a Zariya cikin watan Oktoba na 2001, tana da shekara 68. Allah ya jiƙanta. An sa sunanta ga babban asibitin da ke Ƙofar Gayan a Zariya, da kuma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

Cikin abubuwan da ta nema, ƙuri'a ce kaɗai aka samu cikakkiya. Jefa ƙuri'a daban, a jefa maka daban: har zuwa zaɓen 2023 babu jihar da ta taɓa zaɓen mace gwamna a Nijeriya duka, Kudu da Arewa. Maganar karatun 'ya'ya mata kuwa mu malamai mu ke riƙe da rajista, mun san yadda sunayen 'yan mata ke cika shafi a aji ɗaya, su yi ta raguwa kafin a kai aji shida, mun kuma san inda su kan tafi.

Ga wani aiki da za mu ba ku in kun koma gida hutu. Yarinyar da ke da shekara 18 a 1979 yanzu ta haura sittin, watau waɗanda suka yi layin farko suna nan da ransu a gidajenku da na maƙwabtanku. Ku sami kakarku ko gwaggonku bayan sallar isha'i, ku gaishe ta, ku tambaye ta ran da ta fara jefa ƙuri'a: wa ya raka ta, da rana ta fita ko da yamma, me maigidanta ya ce, wace alama ta zaɓa, ko kuma ta taɓa jin sunan Gambo Sawaba kafin ranar. Ku rubuta abin da ta faɗa muku da kalmominta, kada ku gyara mata Hausa, ku sa sunan garinku da shekarar da kuka rubuta, ku kawo wa malaminku ran da aka koma makaranta.